Yadda za ka zaɓi makinar fatsa da za ta jure gishirin Bahar Maliya

Duk wanda ya saba kwana a bakin ruwa a Shu'aiba, kudu da Jidda, ko yake sammakon zuwa Abhur da ke arewacin Jidda ranar hutu, ya sha ganin wannan: mutum ya zo da sabuwar makina tana sheƙi, kafin wata uku hannunta ya ƙage, in an tilasta shi ya juya sai ka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ni ma ya faru da ni. Makinata ta farko na saye ta a wani shago saboda kwalinta ya ce tana da boris goma sha uku, zobban nan masu ƙwallayen ƙarfe da ke sa ta juya sumul, ga ta da araha. A fita ta huɗu igiyar ruwa ta yi mata wanka sau biyu, na dawo gida a gajiye na ajiye ta ban wanke ba. Bayan mako biyu na ɗauko ta, fenti ya kumbura, wani farin gari ya fito a gindin kowace kusa. Na kai wa kawuna, wanda ya fara fatsa a gaɓar Jidda tun ban san hannun dama ba. Ya juya ta sau ɗaya ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, araha ba ta ado. Wannan ta madatsar Tiga ce, ka kawo ta teku."

Tun daga ranar na fara buɗe makina ina duba cikinta, ina tambayar masu gyara. Abin da na tara ke nan zan shimfiɗa maka, mataki bayan mataki, don kada kuɗin guminka ya tafi a banza.

Mu fara daidaita sunaye. Makinar da nake nufi ita ce wadda ke rataye a ƙarƙashin sanda, ko gasaba kamar yadda ake cewa a nan, bakinta na kallon gaba. Tana da kwarkwaron da zare ke naɗuwa a kai, wanda masu shago ke kira bakara. Tana da wata lanƙwasasshiyar waya kamar baka, wadda kake buɗewa kafin jifa, ka rufe bayan dalma ta faɗa ruwa. A saman kwarkwaron akwai murfin da ake murɗawa don a ƙara ko a rage ƙarfin da kifi zai ja zare da shi. Shi ne birki, wasu su ce dirag.

Ka kuma san ruwan da za ka shiga. Yawancin tekunan duniya suna da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, amma Bahar Maliya ta kai wajen giram 40, domin babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinta, ga rana na ƙafar da ruwan ba dare ba rana. Idan ruwan ya bushe a jikin makina yakan bar ƙwayoyin gishiri, su kuma suna jawo laimar iska, laimar Jidda kuwa ba sai an ba ka labari ba. Wato makinar da ka ajiye kana ganin ta bushe, a jiƙe take kwana. Inda abin ya fi muni shi ne inda ƙarfe iri biyu suka haɗu, kamar kusar sitenles a cikin jikin alminiyam. Ruwan gishiri na shiga tsakaninsu sai su zama kamar batir, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa. Farin garin nan da na gani a tawa, shi ne.

Mataki na farko: ina za ka tsaya?

Kafin ka taka ƙofar shago ka amsa wannan tambayar tsakaninka da Allah, domin ita ce za ta yanke maka yawan kuɗin da za ka kashe.

Akwai mai tsayawa a kan dakali ko duwatsun bakin Kornish, wato titin shaƙatawa na bakin tekun Jidda, inda aka halatta fatsa, ƙafarsa a bushe, sai ɗan feshin ruwa idan iskar arewa ta taso. Akwai mai zama a kan rairayi, irin mutanenmu na Makka da ke gangarowa Shu'aiba da iyali, ya kafa doguwar sanda mai mita 3.6 zuwa 4.2, ya jefa dalma mai nauyi da habbar (wani naman teku mai hannaye da yawa) ko rubyan (jatan lande) a ƙugiya, ya jira. Babban abokin gabar wannan yashi ne. Sai kuma na uku, mai shiga ruwa. Gaɓarmu ba irin ta Legas ba ce da manyan igiyoyi ke dukan rairayi kai tsaye. A nan murjani ne ya yi shimfiɗa daga bakin gaɓa, ruwa iya gwiwa ko iya ƙugu, ka yi ta tafiya har ka isa bakin da ƙasa ke yankewa ta faɗa zurfi. Nan ne igiyar ruwa ke fashewa, shi ake kira kassara, kuma nan ne kifaye irin su bayad da hamur da najil da agam suke kiwo. Wanda ke zuwa kassara, makinarsa za ta sha ruwa ko ya so ko bai so ba. Wata rana santsi zai ɗauke shi ya dafa ƙasa da hannun da ke riƙe da sanda.

Na farko ba ya bukatar makina mai tsada. Na biyu yana bukatar mai jifa da nisa wadda yashi ba ya shiga cikinta da sauƙi. Na uku shi ne dole ya sayi rufaffiya, in kuwa ba shi da halinta yanzu, gara ya haƙura ya tsaya a tudu har ya tara.

Mataki na biyu: girma, kuma daga zare ake farawa

Mutane da yawa sukan sayi makina sannan su nemi zaren da zai shige ta. Ka yi akasin haka. Ka fara da kifin da kake nema, shi zai gaya maka zare, zare ya gaya maka makina.

Idan sha'ur da ƙananan bayad kake nema daga tudu, zaren harir, wato siririn zaren nan saƙaƙƙe, mai ƙarfin laba 20 zuwa 30 ya isa, da makina mai lamba 4000 ko 5000 a lissafin kamfanin Shimano. Mai zuwa kassara yana jifan kifin roba ko na ƙarfe, harir mai laba 40 zuwa 50 yake so, wanda a kwali za ka ga an rubuta PE 3 ko PE 4, ma'aunin kaurinsa ke nan, da makinar da za ta ɗauki mita 250 zuwa 300, wato lamba 6000 zuwa 8000. Mai doguwar sanda a rairayi kuwa yakan yi amfani da nailan mai kaurin milimita 0.35 zuwa 0.40, yana bukatar kwarkwaro mai ɗaukar aƙalla mita 300.

Kada lambobin nan su ruɗe ka, kamfanoni ba su haɗu a kan ma'auni ɗaya ba. Daiwa BG mai lamba 5000 ta doshi girman Shimano mai lamba 10000. Penn kuma da nata lissafin, 4500, 5500, 6500. Abin dogaro shi ne rubutun da ke jikin kwarkwaro, inda aka faɗi kaurin zare da mitocin da zai ɗauka. Shi za ka karanta.

Ka kuma tuna da kafaɗarka. Makina mai lamba 6000 takan yi kusan giram 450, mai lamba 8000 zuwa 10000 ta doshi giram 700. Ga wanda ya kafa sanda yana shan shayi wannan ba komai ba ne. Ga wanda zai yi jifa ɗari biyu daga asuba zuwa hantsi yana tsaye cikin ruwa, bambancin nan shi ne zai sa ya koma mota tun kifi bai fara ci ba.

Mataki na uku: jiki

Iri biyu za ka fi samu, na alminiyam da na baƙar roba mai ƙarfi da ake kira girafayit. Girafayit ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma ga ƙaramar makina ta tudu ba shi da laifi. Aibinsa shi ne yana lanƙwasawa idan aka matsa masa. Idan babban hamur ya ja, jikin ya ɗan murɗe, haƙoran giya biyun da ke ciki sai su kauce daga saitinsu su riƙa cin juna. Ba za ka gani a ranar ba. Bayan wasu watanni ne za ka ji makinar ta fara gurnani. Don haka daga lamba 5000 zuwa sama, ni alminiyam nake zaɓa, kuma wanda aka rina ta hanyar lantarki har launin ya zama fatar ƙarfen, domin fenti zalla yana ɓarewa, gishiri ya samu ƙofa.

Gwajinsa a shago ba wuya. Ka kama ƙafar makinar, wato inda ake ɗaura ta a sanda, da hannu ɗaya, ka kama jikin da ɗaya hannun, ka ɗan murɗa. In ka ji tana ba da kai, ajiye ta. Akwai kuma masu jikin maganiziyam, marasa nauyi ƙwarai, masu tsada. Suna da daɗin riƙo, amma da zarar dutse ya karce rufin da aka yi musu, gishiri na cin maganiziyam fiye da yadda yake cin alminiyam. A kan murjani kuwa babu makinar da ba ta karcewa.

Mataki na huɗu: rufi, inda maganar take

Nan zan daɗe, domin a nan ake yi wa mutane dabara da kalmomi. Kusan kowane kwali za ka ga an rubuta cewa ta ruwan gishiri ce. Wannan magana ba ta da ma'auni, kowa na iya rubuta ta. Abin da ke da ma'auni shi ne haruffan IPX da lamba a gabansu, wani gwaji ne na ƙasa da ƙasa da ake yi wa kayan lantarki da na'urori. IPX5 na nufin an fesa mata ruwa da tiyo ta kowane ɓangare bai shiga ya yi ɓarna ba. IPX6 feshi ne mai ƙarfin gaske. IPX7 na nufin an nutsar da ita a zurfin mita ɗaya na minti 30. IPX8 ya wuce haka, gwargwadon sharaɗin da kamfanin ya faɗa.

Abu biyu za ka riƙe game da wannan gwaji. Da ruwan daɗi ake yin sa, kuma harafin X ɗin yana nufin ba a gwada ta da ƙura ko yashi ba. Sannan duk makinar da ka nutsar kana juya hannunta a ƙarƙashin ruwa, kana taimaka wa ruwan ne ya tsallake robobin da aka sa su tare shi. In ta faɗa ruwa, ɗaga ta tukuna, ka girgiza, sannan ka juya.

Ga yadda waɗanda aka fi sani suka jeru. Penn, kamfanin da Otto Henze ya kafa a Filadalfiya ta Amurka a 1932, yana da Battle, mai jikin ƙarfe da birki mai kyau amma ba a rufe ta don nitso ba, ta dace da tudu. Sama da ita akwai Spinfisher VI mai IPX5, sai Slammer mai IPX6. Daiwa ta Japan tana da BG, baƙa mai ratsin zinariya, wadda ta yi suna saboda ƙaton giyarta da jikinta na alminiyam, amma ita ma ainihin samfurin ba a rufe shi don nitso ba. A manyan makinunta irin su Saltiga, Daiwa na amfani da wata dabara da ta kira Magsealed: wani mai ne da maganaɗisu ke riƙewa a kewayen sandar tsakiya, ya zama katanga tsakanin ruwa da cikin makina. Yana aiki, sai dai ba a buɗe shi a gida, in ya zube sai wakilin kamfani. Shimano kuma tana da Saragosa SW, wadda jikinta ke da IPX8, da yayarta Stella SW ga mai hali. Can ƙarshe akwai Van Staal, wadda aka ƙera musamman don masu shiga cikin igiyar ruwa a gaɓar gabashin Amurka. A rufe take ruf, hannunta na da ɗan nauyin juyawa, kuɗinta kuma ba na wasa ba ne.

In ka tambaye ni, ga mai zuwa kassara sau biyu ko uku a wata, Saragosa SW ko Slammer sun wadatar, kuma ba na ganin dalilin da zai sa mai albashi ya ci bashi don Stella. Ga mai rairayi, Spinfisher ta isa. Ga mai Kornish, BG ko Battle za su yi shekaru in ana wanke su.

Wani abu da ke sa sababbin shiga kuskure: rufaffiyar makina ba ta sulɓi a hannu kamar marar rufi, domin robobin suna ɗan riƙe ta. Mai shago zai iya miƙo maka wata ya murɗa hannun ya sake, ta yi ta juyawa ita kaɗai, ya ce ka ga laushi. Kyan ɗan maciji ke nan. Wadda ke juyawa haka sakaka, ba abin da ya tare hanya tsakanin teku da giyarta.

Mataki na biyar: birki

A ruwan da babu duwatsu kana iya barin kifi ya yi ta gudu har ya gaji. A kan murjani ba ka da wannan damar. Hamur na ɗaukar ƙugiya, ramin da ya fito yake nufa, in ya shiga ya buɗe kumatunsa ya tokare, ko kuma zaren ya gogi murjani ya tsinke. Daƙiƙa biyar na farko su ne komai. Saboda haka kana son birkin da ke da ƙarfi, kuma wanda ke sakin zare sumul, ba mai riƙewa ya saki ya sake riƙewa ba. Wannan fizgar ita ke tsinka zare a bakin ƙulli.

Ka tambayi mai shago da me aka yi fayafayan da ke cikin birkin. Akwai na wani abu mai kama da ulu da ake jiƙawa da mai, suna da laushi ga ƙananan kifaye amma suna matsewa su ƙone in an daɗe ana ja. Akwai na kabon, su ne ke jure zafi da matsi. Na Penn da ake kira HT-100 irin su ne. Ka cire murfin birkin ka juya shi, ka duba ko akwai zoben roba a bakinsa da zai hana ruwa gangarawa cikin fayafayan.

Kada lambar ƙarfin birki da ke kwali ta ɗauke maka hankali. Wasu za su rubuta kilo 20 ko 25. Ƙa'idar da masunta suka daɗe a kai ita ce a saita birki a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Zare mai laba 30, wato kimanin kilo 13 da rabi, birkinsa kilo 3 da rabi zuwa 4 da rabi ne. Mai laba 50 kuwa, kilo 6 zuwa 7 da rabi. Mutum na tsaye a kan murjani mai santsi, ruwa na dukan cinyarsa, in aka ja shi da kilo 10 to shi ne zai bi kifin. Makinar da birkinta ya kai kilo 10 zuwa 12 ta ishe ka har da ragi. A gida za ka iya gwadawa da gorar ruwa, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce: ka ɗaura zare a gora mai lita 5, ka ja kai tsaye daga makina ba tare da ka lanƙwasa sanda ba, ka saita har zaren ya fara fita a daidai lokacin da gorar ke shirin barin ƙasa.

Mataki na shida: giya da boris

Yawan boris ba ya nufin komai. Guda biyar ko shida na sitenles masu murfi sun fi goma sha uku na ƙarfen banza, waɗanda kowane ɗayansu wuri ne da tsatsa za ta kama. Shi ke nan a kan boris.

Giya kuwa, ka fi son wadda aka sassaƙa ko aka matse daga tagulla, ko sitenles, ko alminiyam mai ƙarfi, a kan wadda aka narka tutiya aka zuba. Ta tutiya ma tana aiki in tana da girma, amma in ruwa ya shiga ita ce ke fara lalacewa. Lambar da za ka gani kamar 4.9:1 ko 6.2:1 tana gaya maka sau nawa kan makinar ke zagayawa idan ka juya hannu sau ɗaya. Ƙaramar lamba ƙarfi, babba sauri, kamar giyar mota a hawan dutsen Hada na hanyar Ɗa'if. Shimano na sa PG ga mai ƙarfi, HG da XG ga masu sauri. Mai jifan kifin roba don bayad da agam yana son wadda ke kwaso kusan mita ɗaya na zare a kowane juyi, kuma saurin na taimakawa wajen ɗago dalma sama kafin ta maƙale a murjani lokacin da kake janyowa.

Mataki na bakwai: kwarkwaro, baka, da 'yar tayar da ake mantawa

Kwarkwaro ya zama na alminiyam. Ka shafa bakinsa da yatsa, in akwai kaushi ko tsaga zai riƙa cin harir a kowane jifa. Ga mai rairayi, akwai makinu masu dogon kwarkwaro marar zurfi, irin su Shimano Ultegra mai lamba 14000, da ke jera zare a hankali don ya fita ba tare da tirjiya ba. Suna ƙara nisan jifa sosai, sai dai yawancinsu ba a yi su don shiga ruwa ba, a kan maƙalin sanda ya kamata su zauna, nesa da yashi.

Bakan waya ya zama mai kauri. A manyan makinu, kamar BG daga 4500 zuwa sama, da hannu ake rufe bakan, juya hannu ba ya rufe shi. Da gangan aka yi haka. In baka ya rufe da kansa a tsakiyar jifa da dalma mai giram 150, zaren zai tsinke, dalmar ta tafi kamar harsashi, kuma a bakin ruwa akwai 'ya'yan mutane. Ko da makinarka na rufewa da kanta, ka saba rufewa da hannu, sifirin ɗinta zai fi daɗewa.

A gefen bakan akwai 'yar ƙaramar taya da zare ke bi ta kai. Duk ruwan da zare ya kwaso daga teku a kanta yake matsewa, shi ya sa ita ce ke fara mutuwa a kowace makina. Ka gwada ta da farce ko da ɗan zare ka ga tana juyawa. In ta tsaya, zare zai riƙa murɗewa, ya yi ta ƙullewa a iska.

Mataki na takwas: a cikin shago

Zuwa da kai ya fi aike. Ko da a intanet za ka saya daga baya, ka fara riƙe irinta a hannu, in da hali ka tafi da sandarka a ɗaura a ji yadda suka zauna. Ka juya hannun gaba, ka tsaya, ka gwada mayar da shi baya: bai kamata ya motsa ko kaɗan ba. Ka girgiza hannun gefe da gefe, wanda ake murɗawa kai tsaye cikin giya ya fi wanda aka zura aka ɗaure da kusa ta ɗaya gefen. Ka ɗaure birki ka juya kwarkwaro da tafin hannu, ka sassauta kaɗan kaɗan ka ji ko ƙarfin na raguwa daki-daki.

Sannan ka yi tambayar da ta fi duk waɗannan: "Ya mu'allim, in ta lalace wa ke gyarawa, kuma akwai kayanta?" Makinar da ake samun boris ɗinta da fayafayan birkinta da 'yar tayarta a Jidda ta fi wadda ta fi ta kyau amma sai an jira kaya daga Turai. Ka karɓi fatura, wato rasit, da takardar garanti. Ka yi hattara da jabu, domin ana kwaikwayon manyan sunayen nan. In ka ga an rubuta Stella ko Saltiga a farashin da bai kai rubu'in na wakili ba, wuce abinka.

Ta hannu fa? Ana samun na ƙwarai a haraj, kasuwar kayan hannu, musamman wurin waɗanda suka saya da zumuɗi suka daina zuwa. Amma ka cire kwarkwaron ka leƙa ƙarƙashinsa, ka duba sandar tsakiya ko ta yi tabo, ka duba kan kusoshi ko sukundireba ya cinye su, alamar an sha buɗe ta ke nan. In da farin gari a ko'ina, ko fenti ya yi bororo, bar ta komai arharta.

Mataki na tara: ɗaura zare da riƙon makina

Harir na da santsi, in ka ɗaura shi kai tsaye a kan alminiyam zai iya zamewa gaba ɗaya, ka ɗauka birki ne ya mutu. Ka fara sa 'yan mitoci na nailan a ƙasa, sai dai in kwarkwaron na da zoben roba da aka yi don haka. Ka naɗa shi a matse ta cikin jiƙaƙƙen tsumma, ka tsaya saura milimita 2 ko 3 ya kai baki. A gaba ka ƙulla nailan mai kauri ko fulorokabon, wani zare mai kama da nailan, domin harir ba ya jure gugar murjani. Ga mai jifan dalma mai nauyi, ƙa'idar ita ce laba 10 na ƙarfin wannan zaren gaba ga kowane giram 28 na dalma, wato dalma mai giram 150 na son laba 50 zuwa 60. Ka ɗaure birki kafin irin wannan jifa, ka sa wani abu a yatsa, harir na yanka har ƙashi. Bayan jifa ka mayar da birkin inda yake.

A bakin ruwa kada ka taɓa ajiye makina a kan rairayi. Ko bokiti ne ka kifa ka ɗora ta.

Idan ka dawo gida, a daren, tun kafin ka gyara kifi, ka ɗaure birki tamau, ka zuba mata ruwan famfo a hankali daga sama, kamar mai yi wa jariri wanka. Ruwan ma daga tekun nan yake, tashar Shu'aiba ce da 'yan'uwanta suka tace gishirin. Kada ka yi mata feshi mai ƙarfi, kada ka jiƙa ta a bokiti, duka biyun tura gishiri ciki suke yi. Ka wanke zaren da ke kan kwarkwaro sosai, shi ne ke riƙe gishiri ya huda ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Ka girgiza, ka goge, ka bar ta a inuwa ta sha iska. Da safe ka sassauta birkin gaba ɗaya don kada fayafayan su manne. Bayan kowace fita uku ko huɗu ka ɗiga man makina ɗigo ɗaya a 'yar tayar nan, da maɗaurin baka, da marikin hannu. Man feshin nan na kwance kusa mai tsatsa kada ya shiga cikinta, narkar da giris yake yi. Kada kuma ka bar ta a but ɗin mota a zafin Yuli da Agusta, giris na tsinkewa ya gangare, robobi su bushe.

Sau ɗaya a shekara a buɗe ta a canza giris. Ni nakan kai tawa a Afrilu, lokacin da Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma ta Saudiyya ta saba hana kamun najil da taradi na wata biyu don su hayayyafa. In kuwa marar rufi ce ta nutse, ba a jiran shekara, a makon za a buɗe. Ranar da za ka fita da sabuwar, ka tsaya inda babu allon Haras al-Hudud, wato dakarun tsaron iyaka, na hana fatsa, ka sa takalmi mai kaurin ƙasa saboda kifin dutse da ƙayar teku, kada ka shiga kassara kai kaɗai, kuma ka ajiye lambarsu ta gaggawa, 994, a wayarka.